Ni Ɗan Mahauci Ne

An haife ni a shekarar 1955 a wani ƙauye da ke gabas da Kano, wanda ya koma cikin Jihar Jigawa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, mahauci ne, kakana ma fawa ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma unguwarmu tana can gefen gari daura da kasuwa, inda angulaye suke wuni a kan wani tsohon rimi suna jiran a watse. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya ina shugaban makarantar firamare, don haka abin da zan faɗa a nan ba daga littafi na fara saninsa ba, a jikina na fara jin sa, daga baya karatu ya zo ya ba ni bakin da zan bayyana shi.

Kasuwar garinmu mako-mako take ci. Tun daren jajibiri makaɗin kalangu yakan zaga gari yana kiɗan fawa, duk wanda ya ji ya san gobe akwai nama, idan kuma ya ji kiɗan ya yi zafi ya san sa aka samu mai tozo. Da asuba malamin da ke yanka zai zo ya yi bisimilla ya yanka, sannan Baba da yaransa su shiga fiɗa, su fasa ciki, su ware kayan ciki gefe guda, su kasa nama kashi-kashi a kan tabarmar kaba. Aikina a lokacin shi ne korar ƙuda da kai wa Inna tumbi da hanji ta wanke. Kafin a sayar da ko tsoka ɗaya sai an ware wani yanki mai kyau an kai gidan dagaci a matsayin gaisuwa, kuma ban taɓa jin an tambayi kuɗinsa ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sana'ar nan gaba ɗayanta a kan amana take tafiya. Baba yakan karɓi sa a hannun Bafulatani ta hanyar dillali ba tare da ya biya ko kwabo ba, sai kasuwa ta tashi ya haɗa ciniki ya kai, mutanen gari kuma su karɓi nama bashi a wurinsa sai kaka ta yi su biya. Babu takarda, babu shaida, kuma a iya sanina ba a taɓa kai shi gaban alƙali a kan dukiyar wani ba.

Duk da haka, mutumin nan da gari guda ya yarda da shi a kan abin da zai sa a bakinsa, wanda ake kira da Babbar Salla ya feɗe ragunan layyar manyan gari, wanda ake ba wa wuƙa idan an yi watanda saboda an san ba zai karkata ga kowa ba, idan ya je zauren dagaci ba ya hawa tabarma. A bakin ƙofa yake tsugunawa, kusa da inda ake tara takalma. A wurin ɗaurin aure ko suna, mahauta da maƙera da wanzamai da majema suna da nasu gefen, ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Wuri ɗaya kawai na ga kafaɗar Baba ta gogi ta dagaci, shi ne sahun salla, kuma da zarar liman ya sallame aka fito aka sa takalma, kowa ya koma matsayinsa.

Baba ɗan NEPU ne, irin na ɓoye. Jam'iyyar an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kafin a haife ni, amma na tashi ina jin sunan Malam Aminu Kano a gidanmu ana faɗarsa ƙasa-ƙasa, kuma na san akwai wani ɗan bajo mai tauraro da Baba yake ɓoyewa a cikin tukunyar da yake ajiye wuƙaƙensa. A wancan zamani mutum ya ce “Sawaba” a bainar jama'a yana iya kwana a gidan yari na En'e, domin ƴan doka da alƙalai da gidan yarin duk a hannun masu sarauta suke. Abin da ya fi ƙona wa talaka rai shi ne haraji. Bayan an girbe gero sai malamin haraji ya sauka a gidan dagaci da littafinsa, a bi unguwa-unguwa ana kiran magidanta. Na ga wani maƙwabcinmu, dattijo mai furfura, an zaunar da shi a tsakar rana a ƙofar gidan dagaci tun hantsi saboda bai cika kuɗinsa ba, matansa suna leƙe ta katangar zana, ƴaƴansa suna tsaye nesa sun kasa matsowa. Da la'asar Baba ya kwance lalitarsa ya ƙirga sulalla daga kuɗin da zai kai wa Bafulatani, ya je ya cika masa. Inna ta yi faɗa a daren nan, domin ta san idan amanar Fulani ta karye fawa ta ƙare, amma Baba ya je rugar da kansa washegari ya yi bayani, aka ɗaga masa ƙafa zuwa kasuwa ta gaba.

Shigata makarantar boko ma rashin gata ne ya jawo ta. Umarni ya zo daga hakimi cewa kowace unguwa ta ba da yara, masu hali suka ɓoye nasu, wasu suka tura su almajiranci, wasu suka kai gaisuwa aka tsallake gidajensu. Waɗanda aka kama daga ɓangarenmu mu ne marasa mai tsaya mana: ni, da wani ɗan maƙera, da wani yaro da ake kira bacucane saboda kakanninsa a rinji aka ajiye su suna noma gandun wani basarake. Turawa sun yi shelar cewa duk wanda aka haifa bayan watan Maris na 1901 ɗa ne, kuma a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa, amma ga shi bayan samun mulkin kai ana kiran yaro da sunan bautar da ko mahaifinsa bai yi ba. Inna ta yi kuka ranar da aka rubuta sunana kamar an kai ni gidan yari. A aji kuma yara suka sa mini barunje, wasu suna toshe hanci idan na zauna kusa da su wai ina warin jini, alhali da rana tsaka su ne masu bin Baba a tukuba suna roƙon ya ƙara musu gyara a kan tsire. Mu ukun nan da aka tura don a huta da mu, dukanmu mun ci albashin gwamnati, yayin da da yawa daga cikin ƴaƴan da aka ɓoye suka zo daga baya suna neman mu rubuta musu wasiƙa.

Na gama kwalejin horon malamai daidai lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, ana neman malamai ruwa a jallo, sai aka tura ni wani gari mai girma da ke kan hanyar mota. A can siyasar 1979 ta same ni. Na shiga PRP da dukan zuciyata, domin a ganina ita ce NEPU ta Baba ta dawo da sabon suna, tauraro ya zama mabuɗi, “Sawaba” ta zama “Nasara”. A zaɓen wannan shekara Inna ta jefa ƙuri'ar zaɓen ƙasa karo na farko a rayuwarta, tunda a Jamhuriya ta Farko matan Arewa ba su da wannan dama. Da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano a watan Oktoba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Alhaji Balarabe Musa ya yi a Kaduna, na hau mota na tafi gida musamman don in ga fuskar Baba. Na same shi ya fito da bajon nan daga tukunya ya maƙala a gaban rigarsa, ya zauna a tukuba yana raba tsire kyauta har ya ƙare. A ranar na yi zaton an gama yaƙin, abin da ya rage kawai gyare-gyare ne.

A garin da nake koyarwa akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa mai fataucin goro da atamfa, wanda shi ne uban jam'iyya a wurin. Ya sha ɗauri a zamanin NEPU, kuma akwai tabon bulala a bayansa wanda yakan nuna wa matasa idan hira ta yi daɗi. Ni ne mai rubuta masa wasiƙu da jerin sunayen ƴan jam'iyya, a zaurensa nake cin tuwon dare, kwano ɗaya muke sa hannu, kuma ban taɓa jin mutumin da ya iya bayyana zaluncin da aka yi wa talaka kamarsa ba. Yakan ce Allah bai halicci wani da rawani a ka ba, kowa tsirara ya zo. Yana da ƴa budurwa, ƙanwar wani abokina, muka fahimci juna da ita, mahaifiyarta ma ta sani ba ta ƙi ba. A 1980 na tura Baffana da shugaban makarantarmu suka kai goron neman izini. Aka karɓe su da mutunci, aka ce su ba da lokaci a yi bincike, kamar yadda aka saba.

Amsa ba ta zo ta hanyar manya ba. Shi da kansa ya aika a kira ni bayan sallar isha'i, ya sallami kowa daga zauren, ya rage fitilar ƙwai, muka zauna mu biyu. Hoton Malam Aminu yana rataye a bango saitin kansa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, “Malam, kai ɗana ne, kuma wallahi ban ga aibunka ba, ba a kuma kawo mini aibunka ba. Amma an je garinku, an ce gidanku gidan fawa ne.” Na ce, “Haka ne, Baba, ban taɓa ɓoyewa ba.” Ya ce, “Na sani. To, mu danginmu ba mu taɓa haɗa jini da mahauta ba, kuma ba ni kaɗai nake da yarinyar nan ba, tana da baffanni, tana da kawunnai. Gobe idan ta haihu, da wane suna za a kira ƴaƴan?” Na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, ba kai kake gaya mana kowa tsirara ya zo ba?” Bai yi fushi ba, ya ma yi ɗan murmushi, ya ce, “Wannan siyasa ce, ɗana. Siyasa daban, aure daban.” Da zan tashi ya kawo turmin atamfa ya ce in kai wa mahaifiyata, na yi godiya na bar shi a inda ya ajiye.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kuma hukuncin da na yanke a kan mutumin nan tun ina saurayi bai canza ba har yau: ba munafuki ba ne. Bulalar da ya sha ta gaske ce, ƙiyayyarsa ga zalunci ma ta gaske ce. Matsalar ita ce adalcin da ya sani sama kawai yake kallo. Yana so wanda ke bisansa ya daina taka shi, kuma a kan haka ya yarda a ɗaure shi, amma bai taɓa zama ya tambayi kansa ko akwai wanda shi yake tsaye a kansa ba. Yana iya cin tuwo kwano ɗaya da ɗan mahauci, ya kira shi ɗansa, ya ba shi amanar asirin jam'iyya, domin duk waɗannan ba su rage masa komai ba. Aure ne kaɗai wurin da daidaito zai ci masa wani abu daga abin da yake taƙama da shi, kuma a nan ya tsaya.

Da na kai wa Baba labari, na yi tsammanin zai fusata, shi da ya ɓoye tauraro shekara da shekaru. Ko kaɗan. Yana wasa wuƙa a kan dutse bai ko ɗago ba ya ce, “Ai dama na san za a rina. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.” Wannan ya fi maganar Alhaji yi mini ciwo, domin na gane cewa shi kansa wanda ake rainawa ya karɓi ma'aunin da ake auna shi da shi, har ya mayar da shi hikimar da zai koya wa ɗansa. Bayan shekara biyu na auri ƴar wani abokin sana'arsa, uwar ƴaƴana, kuma ina shaida wa duniya ban yi asara ba. Amma samun mace tagari bai mayar da abin da aka yi mini daidai ba.

Abin ya tura ni komawa karatun zaure, ina so in san ko addini ne ya ce haka, tunda da addini ake rufe bakin duk mai tambaya. Na zauna gaban wani malami mai karantar da fiƙihu bayan sallar asuba, muka bi babin aure a hankali. Da muka zo kan kafa'a, wato dacewar miji da mata, sai na tarar a mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi a ƙasar nan tun kaka da kakanni, abin da ake dubawa shi ne addinin mutum da lafiyarsa daga cututtukan da ke ba da damar raba aure, kuma haka yake a cikin Mukhtasar da malamanmu suke taƙama da haddace shi. Gaskiya ne akwai malaman wasu mazhabobi da suka sa nasaba da sana'a a cikin lissafi, ba zan ɓoye wannan ba, amma masu hana mu aure ba waɗancan littattafan suka karanta ba. Malam ya karanto mana aya ta 13 a Suratul Hujurati, inda Allah ya ce ya sanya mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, kuma mafi daraja a wurinsa shi ne mafi taƙawa. Ya kawo auren Zaidu ɗan Harisa, wanda ƴantaccen bawa ne, da Zainab ƴar Jahshi, ƴar gwaggon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kawo Abu Huzaifa da ya aurar wa Salim, bawan da aka ƴanta a gidansa, ƴar ɗan'uwansa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Abu Hindin, mai yin ƙaho, wato wanzami a yarenmu, wanda Annabi ya umarci Banu Bayada su ba shi aure su kuma nemi aure a gidansa. Na ce, “Allah gafarta Malam, to me ya sa ba a faɗar wannan a wurin wa'azi?” Ya rufe littafin ya ce, “Ana faɗa, Malam. Ji ne ba a yi.” Daga baya na sami labarin shi ma ya taɓa mayar da wani ɗan majema da ya nemi ƴarsa.

Shekaru suka tafi, na ga wani abu da ya ƙara buɗe mini ido. Cinikin shanu zuwa Kudu ya bunƙasa, wasu daga cikin ƴaƴan mahautan da muka tashi tare suka fara loda tireloli zuwa Legas da Fatakwal, suka gina gidajen siminti, suka je Makka suka dawo. Waɗannan ba wanda ya ƙara tambayar kakansu. Gidajen da a da ba za su ba mu ruwa a kofinsu ba, su ne suka riƙa aika musu da tayin ƴaƴa. Ashe asalin da aka ce jini ne, ba ya wankuwa, kuɗi suna wanke shi tas cikin shekara goma, talaka ne kawai yake yawo da nasa har kabari. Abokina kuma, wanda ake kira bacucane, ya kai babban matsayi a aikin gwamnati, kowa yana zuwa gaishe shi yana neman alfarma, amma ranar da ya nuna sha'awar tsayawa takara, a ranar aka tuno da rinjin kakanninsa, aka riƙa raɗa shi a majalisu har ya janye. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 42, ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai, kuma na yarda da amfanin wannan doka. Na tuna yadda muka kasa kunne a rediyo a 2008 lokacin da kotun ECOWAS ta yanke hukunci a kan ƙarar Hadijatou Mani, baiwar Allah daga yankin Birnin Ƙonni da aka sayar tana yarinya, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma sa a biya ta diyya. Doka tana iya kwance wanda aka ɗaure da igiya. Amma babu kotun da za ka kai ƙarar mutumin da ya ce maka cikin ladabi, bayan ya ba ka ruwa ka sha, “Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Jarrabawa mafi nauyi a cikin gidanmu ta faru, bayan Baba ya rasu. Yayana, wanda ya gaji sana'ar har ya zama ɗaya daga cikin manyan mahautan yankinmu, yana da ƴa da ta gama sakandare. Wani saurayi malamin asibiti ya fito neman ta, yaro mai natsuwa wanda duk garin ake yabon yadda yake kula da marasa lafiya, ko da tsakar dare aka buga masa ƙofa. Sai dai jikan makaɗin kalangun nan ne da yake yi wa Baba kiɗan fawa. Yaya ya ce atafau. Aka tara mu a zauren gidanmu, da ni da shi da ƙannenmu da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a cikin manya. Yaya ya ce, “Ni zan ba jikan maroƙi ƴata? Wanda kakansa yake tsugunawa a gaban Baba yana jiran a jefa masa ƙashi da ganda? Gobe a ce jikokina ƴan kalangu ne?” Na saurare shi har ya gama, jikina yana rawa, domin kalma bayan kalma maganar Alhaji ce ta dawo, sai dai yanzu daga bakin ɗan mahauci take fitowa, a cikin zauren da aka yi mini jaje. Na ce, “Yaya, ka tuna daren da na dawo daga wancan gari, kai ne ka rantse ba za ka ƙara sayar wa mai irin wannan hali nama ba?” Ya ce, “Wannan daban. Mu sana'a muke yi, su roƙo suke yi.” Na ce, “Shi ma Alhaji cewa ya yi su fatauci suke yi, mu jini muke taɓawa.”

Ba hujjata ce ta karya shi ba, kada in yi wa kaina kirarin da ban cancanta ba. Gwaggo ce, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce, “Kai, rufe mana baki. Shekarar fari da shanu suka mutu, uban nan naku ya yi wata da watanni bai yanka ko akuya ba, wa yake kawo mana gero a ɓoye da daddare? Makaɗin nan ne, daga abin da yake samu a gidajen biki. Da geron maroƙi aka yi maka kunun da ka sha ka rayu.” Tana nufin farin 1973, wanda ni ina makarantar kwana lokacin, ban san wannan labari ba sai a ranar. Yaya ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Bai ce ya yarda ba, amma bayan kwanaki ya aiko mini cewa ya wakilta ni in karɓi sadaki in ɗaura, shi ba zai zauna a wurin ba. Ranar ɗaurin auren ya tsiri tafiya kasuwar shanu ta Maigatari. Sai da aka haifi ɗa na fari aka sa masa sunan Baba, sannan ya je, kuma shi ya feɗe ragon sunan da hannunsa. Har ya koma ga Allah yana yi wa surukin nan nasa magana a taƙaice, duk da cewa a hannunsa ya yi jinyarsa ta ƙarshe.

Tun daga wannan aure mutanen unguwa suka fara sa ni cikin masu zuwa binciken manema, wataƙila saboda shekaru, wataƙila saboda an san ba na karɓar goron kowa. Idan na je, ina tambayar maƙwabta ko yaron yana salla, da me yake ci, yaya yake da mahaifiyarsa, ko yana shaye-shaye, ko yana biyan bashi idan ya ci, ko ya taɓa aure, in ya taɓa yaya suka rabu. Ina kuma nacewa a je asibiti a yi gwajin jini, domin na binne ɗalibai masu ciwon sikila da yawa, kuma wannan ne kaɗai binciken jini da na ga amfaninsa. Idan na dawo na zayyana duk abin da na samo, kusan kullum sai wani daga cikin dattawa ya gyara zama ya ce, “To, Malam, duk mun ji. Amma ɗan gidan wane ne?” Nakan faɗi sunan uban da sana'arsa da murya ɗaya da wadda na faɗi sauran bayanan, ba na rage ta, ba na kuma ƙara wani bayani a kai. A bara na kawo wa wani gida rahoton yaro mai gyaran waya, ɗan wanzamai, wanda ban samu ko abu ɗaya na zargi a kansa ba. Suka yi godiya, suka ba ni kuɗin mota na ƙi karɓa, bayan mako biyu na ji sun ba wani mai shago a birni wanda ba su aiki kowa ya bincika ba. Gidan ba su ƙara aiko mini ba, kuma yaron mai gyaran waya ya yi aure a watan Shawwal da ya wuce, a wani gida da ke bayan masallacin Juma'a, ni na karɓa masa.